Jar Mota a Hanyar Kwadon

Shekaru da dama can baya, tun gashin kaina yana nan baƙi ƙirin, na taɓa mallakar motar da babu irinta a duk faɗin Gombe. Abokaina na wancan zamani, 'yan kaɗan da suka rage, har yau idan mun haɗu sai sun tono zancenta sun yi dariya, ni ma in taya su. Sai dai akwai ɓangaren labarin da ba na cika faɗa ba. Shi nake so in ba ku yau.

Lokacin ne kuɗin man fetur ya fara kwararowa cikin ƙasa kamar ba zai taɓa ƙarewa ba. Ina ƙaramin akawu a wani ofishin gwamnati. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka haɗa da na watannin baya aka damƙa mana a dunƙule. Gari ya rikice. Masinjanmu ya sayi rediyo mai cin kaset, yana yawo da ita a kafaɗa har cikin ofis. Wani ya sayi firji alhali gidansa ko wayar lantarki babu, ya mai da shi ma'ajiyar tufafi. Abokina, wanda muke zama tebur ɗaya, ya sayi babur da kwanon rufin gidansa a Manawashi. Ni kuwa na raina duk wannan.

Akwai wani Bature injiniya da ke aikin hanya, wa'adinsa ya cika zai koma ƙasarsu. Yana da wata mota ja, ƙarama, mai ƙofa biyu da kujera biyu, rufinta na tamfal ne da ake naɗewa baya. Ta yi ƙasa-ƙasa kamar cikinta zai goge kwalta. Idan ya tayar da ita, gurnaninta a ƙirji ake fara jinsa kafin kunne. Na yi shekara biyu ina kallonta ta tagar ofis tana wucewa. Ranar da na ji zai sayar, ko abincin rana ban iya ci ba.

Abokina ya raka ni, muka tafi da wani tsohon bakanike ya duba mana. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta, ya buɗe gaba, ya sa a tayar, ya saurara, sannan ya goge hannunsa da tsumma.

"Inji lafiya lau," ya ce. "Amma yallaɓai, wannan ba motar garin nan ba ce. Idan ƙusa ɗaya ta kwance, sai Jos ko Ikko. Ga shi sitiyarinta a dama yake, irin na kafin a canja hannun tuƙi a ƙasar nan. Kuma ta ina za ka bi da ita? A ina kake zaune?"

"Herwagana."

Ya dubi abokina, abokina ya dubi ƙasa.

Ban ji ba. Na haɗa kuɗin ƙarin da abin da nake tarawa na aure, na kai wa Baturen. Ya miƙo min makulli, ya shafa jikin motar, ya ce in kula da ita. Ɗan tuƙin da na iya a lokacin a akori-kurar ofis na koya, ita kuwa sai ka taka da ƙarfin tsiya take motsi. Da na yi wa wannan irin wancan takun, saura kaɗan in afka cikin furannin matar Baturen. Sau uku tana mutuwa kafin mu fita daga ƙofar gidan.

Bakanike ya yi gaskiya. Ruwan damina ya cinye lungunmu ya bar ramuka, motar ba ta iya kaiwa ƙofar gidanmu. Dole a bakin titi nake ajiye ta, gindin wata bishiyar maina, in ƙarasa da ƙafa. Amma wa ya damu? Na sayi baƙin tabarau, da wando mai faɗin ƙafa da ke share ƙasa, da takalmi mai tudu da ya ƙara min tsawo. Daga gida zuwa ofis tafiyar minti goma ce a ƙafa, amma sai na zaga ta kasuwa da tasha da gaban asibiti kafin in isa, sau da yawa a makare.

Yanzu bari in gaya muku wace ce mahaifiyata. 'Yar Kwadon ce. Mahaifina lebura ne a aikin jirgin ƙasa, ya rasu ina firamare. Da daddawa da kuka da gishirin da take kasawa a kasuwa ta yi min makaranta. Ba ni kaɗai ta riƙe ba. Matar ƙaninta ta rasu ta bar yarinya 'yar shekara biyu, ta je Kwadon ta goyo ta ta kawo gida. Tare muka tashi, ƙanwata nake ce mata, ita kuma ba ta san wata uwa ba sai Mama. Mahaifiyata ba ta yi karatu ba, amma duk unguwa an san idan ta ce abu kaza ne, ba sai ka je ka duba ba. Mata kan kawo mata rigimarsu ta raba, saboda ba wanda ya taɓa kama ta da ƙarya.

Ranar da na kawo motar, ta fito bakin titi da zaninta na aiki. Ta zaga ta sau biyu, ta leƙa ciki.

"Ina sauran?"

"Sauran me, Mama?"

"Sauran motar. Ina za a sa buhu? Idan ka yi aure ka haihu, a ina yaran za su zauna?"

Mutanen da suka taru suka fashe da dariya, ita ma ta yi. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kan motar, ta rufe ido, ta yi doguwar addu'a, Allah ya kiyaye ni daga haɗari, ya kiyaye mutane daga gare ni. Da ta gama ta ga hannunta ya bar shaida a jikin fenti, sai ta kama gefen zaninta ta goge. Ba ta ce in ɗauke ta ba, ni ma ban ce ta shiga ba. Warin daddawa nake tunani, da kujerar fata. Allah ya gafarta min.

Bayan kamar wata biyu aka sa ranar auren ƙanwata. Kawu, mahaifinta, ya ce a Kwadon za a ɗaura, a majami'ar garinsu. Mahaifiyata ce uwar amarya. Ita za ta tsaya a bayanta a gaban fasto, ita za ta miƙa ta ga dangin miji. Ta tafi tun farkon mako ana ta aikin biki, amma ranar Alhamis sai ga ta ta dawo. Ta ce ɗinkinta ta zo karɓa wurin tela. Da yamma muna cin tuwo, ta yi ta juya loma a hannu ba ta kai baki ba. Can ta ce:

"Ranar Asabar, ko za ka kai ni a motarka? Matan zumuntar majami'a sun ɗauki babbar mota, amma na ce musu ni ɗana ne zai kawo ni."

A nan na gane ba ɗinki kaɗai ya dawo da ita ba. Tun da nake, ban taɓa jin ta roƙe ni wani abu don kanta ba.

"Haba Mama, wannan har sai kin tambaya? Har ƙofar majami'a zan kai ki."

Ta yi murmushi, ta ƙara min miya.

To, akwai wata malamar asibiti da na daɗe ina bi. Ita ce dalilin zagayen da nake yi ta gaban asibiti. Wata da watanni tana amsa gaisuwata da kai kawai. Ranar Juma'a da rana na tsaya kamar kullum, sai ta tako har jikin motar. Ta ce gobe ita da ƙawayenta da wasu ma'aikata za su je shan iska bakin kogi a Dadin Kowa, motarsu ta cika, ko ina da wuri?

Ina da wuri. Guda ɗaya tak. Kafin in yi tunani bakina ya ce e.

Za ku ce me ya hana in kai Mama da sassafe in juyo, tunda Kwadon ba nisa? Ni ma na daɗe ina yi wa kaina wannan tambaya. Na san idan na shiga garin da motar nan Kawu ba zai bar ni in fito ba, ni zan kai amarya majami'a, ni zan dawo da ita. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Na gaskiyar kuwa, ba na so malamar ta zauna a kujera ta ji warin kasuwa.

Na kai motar gidan abokina a Manawashi, muka tura ta bayan danga.

"Wannan abin da kake shirin yi babu kyau," ya ce.

"Wuni ɗaya ne fa. Da yamma zan je bikin in ce an gyara."

"Ka manta hanya ɗaya ce? Ta Kwadon ake bi a je Dadin Kowa."

"Su ƙarfe bakwai za su tashi. Kafin in bi ta wurin suna cikin majami'a."

Ya girgiza kai, ya shige gida ya bar ni.

Na koma gida a ƙafa, na ɓata fuska, na ce mota ta lalace tana wurin bakanike, amma da zarar an gama zan biyo su. Mahaifiyata tana goge sabuwar atamfarta da dutsen guga na gawayi. Ta ɗago ta dube ni, ta ɗan jima tana kallona.

"To. Allah ya sa ba babbar matsala ba ce. Sai in bi matan zumunta."

Da sassafe ta ɗaura kwanonin amarya a ƙunshi, ta aza a ka, ta fita. Ni kuma na yi wanka, na fesa turare, na je na ɗauko motar, na naɗe rufin, na biya na ɗauki malamar. Ta ɗaura wani ɗan siririn gyale a kai, iska tana kaɗa shi. Na ji a duniya babu wanda ya kai ni.

Mun bar gari, mun ci kamar rabin hanyar Kwadon, sai na ga an jera ganyaye a kan kwalta, alamar mota ta lalace a gaba. Na rage gudu. Babbar mota ce mai bodin katako, ta tare rabin hanya, direba yana ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai ake gani. A gabanta, can gefe, mata ne zazzaune a inuwar wata tsamiya, duk da anko iri ɗaya. Na san ankon. A tsakar gidanmu aka raba shi.

Kafin in gama zagaye babbar motar na ji wata ta ɗaga murya: "Ga shi nan! Ga ɗanki nan, Allah ya kawo shi!"

Mahaifiyata ta miƙe. Ta tako har bakin kwalta, cikin sabuwar atamfa, da wani ɗaurin kai da ban taɓa ganin ta yi irinsa ba. Da yake sitiyarin a dama yake, ta gefena take tsaye, da na miƙa hannu da na taɓa ta. Fuskarta ta washe. Ta fara ɗaga hannu. Sai idonta ya sauka kan wadda ke zaune kusa da ni. Hannun ya tsaya a rabi.

Agogon hannuna ƙarfe goma da 'yan mintuna. Ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya. Daga nan zuwa Kwadon, a motar nan, ko minti goma ba za a yi ba. Duk wannan na san shi a lokacin, kada wani ya ce ruɗewa na yi. Na juya fuskata gefe, na taka mai.

"Ka san su ne?" malamar ta tambaya tana waiwaye. "Kamar kai matar can take wa magana."

"A'a," na ce. "Mutanen ƙauye ne. Haka suke ɗaga wa kowace mota hannu."

Abin da aka yi a bakin kogi ran nan, ko da wuƙa a wuya ba zan iya faɗa muku ba. Na san an gasa kifi, an kunna kaset, maza sun yi ta zagaye motata suna tambayar gudun da take yi. Aka ba ni kifi, na riƙe har ya huce. Da yamma muka biyo ta Kwadon, ana ta kiɗa, na ji guɗar mata daga wajen gidan Kawu. Na wuce. A lokacin ba ni da idon da zan shiga da shi.

Ranar Lahadi da la'asar mahaifiyata ta dawo. Na tarar da ita a tsakar gida, ta tsoma ƙafafunta cikin daro da ruwan ɗumi da gishiri. Sun kumbura, sabon takalmin ya yanke ta a dunduniya. Na gaishe ta daga nesa.

"An gyara motar?" ta ce.

"An gyara, Mama."

"Madalla."

Ta jawo wani ƙulli ta kwance, ta miƙo min soyayyen nama da cincin na biki. "Ga rabonka. Ƙanwarka ta tambaye ka."

Iyakar maganar ke nan. Kwanaki suka yi ta wucewa, tana dafa min abinci, tana amsa gaisuwata, tana tafiya kasuwarta. Har na fara lallashin kaina cewa ƙila ba ta gane ni ba saboda tabarau. Ku ji fa, mutum mai mota ja guda ɗaya tilo a gari, wai tabarau ya ɓoye shi.

Lahadin farkon wata ake cin jibin Ubangiji a majami'armu. Maza gefe guda, mata gefe guda, dattawa suna zagawa da faranti. Ina zaune ina hango ta. Da faranti ya zo gabanta, sai ta naɗe hannuwanta a cinya, ta sunkuyar da kai, ta bar shi ya wuce. Dattijon ya ɗan tsaya, yana zaton ba ta gani ba. Ta girgiza kai. Mata na kusa da ita suka dubi juna. Ni kuwa da ya zo gabana na ɗauka na ci.

Washegari da yamma ina wanke motar a gindin maina, sai ga goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ita ma tana cikin matan da ke babbar motar ran nan. Na gaishe ta, ba ta amsa ba.

"Wanke ta da kyau," ta ce. "Ka ga abin da ya faru jiya a majami'a?"

Na ci gaba da goga soso a jikin motar.

"Shekara da shekaru ina zama kusa da matar nan, ban taɓa ganin ta bar jibi ya wuce ta ba. Ka san me ya sa?"

"Ban sani ba, Goggo."

"Ka sani. Amma bari in faɗa maka ka ji da kunnenka. Da ka wuce, mata suka yi caa, kowa da abin da take faɗa. Sai uwarka ta juyo ta ce, 'Ba shi ba ne. Tasa tana wurin gyara.' Aka ce haba, motar nan guda nawa ce a Gombe? Ta ce, 'Na ce muku ba ɗana ba ne. Ni da na haife shi zan kasa gane shi?' Ka san ba a musu da maganarta. Kowa ta ja bakinta, har wasu suka fara cewa ƙila wani ne daga Bauchi. Ni da na gan ka ido da ido sai da na yi shakka."

Soso ya faɗi daga hannuna.

"Muka yi ta jiran direba yana cewa yanzu-yanzu, har sha ɗaya ta gota. Sannan muka kwashi kaya muka taka. Da kwanoni a kanta, cikin wannan rana. Fasto ya jira har ya gaji, dangin ango suka fara ƙorafi, aka jawo wata maƙwabciyar kawunka ta tsaya a bayan yarinyar, aka ɗaura. Mun isa an gama komai. Yarinyar ta hango ta, ta yar da furannin hannunta, ta ruga ta faɗa jikinta tana kuka tana cewa, 'Mama, ina kika tsaya?' Shekara ashirin uwarka tana jiran ranar nan. Ci gaba da wankinka."

Ta juya ta tafi.

Na bar bokiti da komai a wurin. Na sami mahaifiyata a kan tabarma tana kasa gishirin da za ta kai kasuwa. Na durƙusa a gabanta.

"Mama, ni ne. Ni na wuce ku."

Ba ta ɗago ba. "Na sani."

"Motar ba ta lalace ba."

"Wannan tun ranar Juma'ar na sani. Tun kana ƙarami idan za ka yi ƙarya sai ka riƙa sosa bayan kunne."

"Me ya sa ba ki ce min komai ba?"

"Ina jira ka zo da ƙafarka." Ta ajiye gwangwanin awo, ta dube ni. "Ka ga, ba kujerar ce ta dame ni ba. Saurayi ne kai, ka ga yarinya kyakkyawa, na gane. Da ka tsaya ka ce Mama babu wuri, zan je in turo mota, da shi ke nan. Kai, ko hannu ka ɗaga min. Amma ka juya fuska. Na tsaya a bakin hanya ina duba jikina, ko akwai wani abu da bai yi daidai ba a shigata."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba. Ƙaton mutum da wando mai share ƙasa, a durƙushe cikin gishiri. Ta bar ni na yi mai isata.

"Tashi," ta ce. "Na yafe maka tun a gindin tsamiyar nan. Saura tawa. Na yi wa mata ƙarya da bakina, ba zan sa hannu a jibi ba sai na warware ta. Ranar Laraba zan faɗa musu a zumunta."

"Mama, idan kin faɗa musu ai duk gari..."

Har a lokacin, kuna ji, kaina nake tunani.

"Shi ya sa na jira," ta ce. "Ba na so su ji kafin ka sani. Ba sai ka zo ba."

Na je. A ƙafa na je, ba tabarau. Na tarar suna waƙa, suna buga tulu da caki. Da suka gan ni a bakin ƙofar majami'a, kiɗan ya mutu da kaɗan-kaɗan. Mahaifiyata ta miƙe za ta yi magana, na ce, "Mama, bari ni in fara." Na faɗi komai, daga ɓoye motar a Manawashi har juya fuskar. Na faɗi har abin da na gaya wa malamar, cewa mutanen ƙauye ne ban san su ba. Wannan mahaifiyata ba ta taɓa ji ba sai ranar. Na ga ta rufe ido, ta daɗe ba ta buɗe ba.

Can wata tsohuwa da ke gaba, mai sanda, ta gyara murya.

"To ai a nan ba ka yi ƙarya ba, ɗana. Mu mutanen ƙauye ne. Kai ne dai ba mu san daga ina ka fito ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki. Da ƙasa za ta buɗe da na shige. Na ɗauka an gama, sai mahaifiyata ta sake miƙewa.

"Ni ma na yi muku ƙarya, 'yan'uwa. Na ce ba ɗana ba ne, alhali shi ne. Ku yafe min."

Shugabarsu ta ce, "Haba, zauna. Wace uwa ce a nan ba za ta yi haka ba?"

"Duk da haka," ta ce, ta ƙi zama sai da suka amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Sannan suka sa ni a tsakiya suka yi min addu'a, goggona ce ta ja, kuma ba ta rage wa Allah komai daga cikin labarin ba.

Kafin Juma'a zance ya kai asibiti. Malamar ta tare ni a bakin ƙofa, wannan karon ita ta fara magana.

"Da ka ce min mahaifiyarka ce, da na sauka na zauna da matan nan ka kai ta. Wace irin mace ka ɗauke ni?"

Ba ta jira amsa ba, kuma ba mu ƙara magana ba. Ta yi daidai.

Na roƙi mahaifiyata ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ta bari in zaga da ita gari a motar, ko in kai ta Kwadon ta ga amarya. Kullum sai ta ce, "Bari dai, wata rana." Ba da fushi take faɗa ba. Kafin damina ta zagayo wani abu ya karye a cikin injin, aka aika Jos babu, aka aika Ikko shiru. Motar ta yi wata uku a gindin maina, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, daga baya na sayar wa wani ɗan kasuwa a yadda ya taya. Bayan wasu shekaru na sayi akori-kura, wannan kam ta shiga ba adadi, ita a gaba, buhunanta a baya. Amma jar motar, har ta bar hannuna mahaifiyata ba ta taɓa zama a cikinta ba.

Na girme ta yanzu, ina nufin na wuce shekarun da ta yi a duniya. Na yi kurakurai da yawa a rayuwa, wasu sun fi wannan tsada, amma yawancinsu na manta zafinsu. Wannan ne bai huce ba. Na daɗe ina cewa ƙuruciya ce, ko kuɗin da suka zo mana ba shiri. Abokina ma saurayi ne, shi ma kuɗin nan ya samu, kwanon rufi ya saya. Abin da na gane shi ne, akwai wani abu a zuciyata da ke jin kunyar inda na fito tun kafin in ga motar, ita dai ta fito da shi fili ne. Kuma an yafe min, kowa ya yafe min, amma yafiya ba ta mayar da mahaifiyata ta tsaya a bayan 'yarta ba.

Ƙanwata tana nan a Kwadon, ta tsufa, jikoki sun cika mata gida. Tun ranar da na je na ba ta haƙuri ta ce, "Yaya, ya wuce," ba ta sake tayar da maganar ba. A bangon falonta akwai hoton aurenta, guda ɗaya da aka ɗauka a ƙofar majami'a kafin matan su iso. Ita da mijinta a tsakiya, Kawu a gefe, a bayanta kuma wata mata tsaye, ta ƙame, kamar wadda aka kira ba ta shirya ba. Zuwana na ƙarshe, wata jikarta da ta zo hutu daga makaranta ta tsaya tana kallon hoton, ta nuna matar ta ce, "Kaka, wannan ita ce mamanki?"

Ƙanwata tana zuba min kunu. Ba ta dube ni ba.

"A'a," ta ce. "Maƙwabciya ce. Mama ta makara ran nan."